Gatarin Aradun da Na Binne

Saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, wani Bature ya kafa tanti a gindin dutsen garinmu, kusa da Mabai. Malamin jami'a ne, aikinsa neman kayan mutanen da suka rayu tun ba a san ƙarfe ba. Ni lokacin magidanci ne mai haƙar rijiya, sai ya ɗauke ni aiki. Haƙa kuwa ta ban haushi! Da cokalin magina da tsintsiya, ana tankaɗe ƙasa kamar garin tuwo.

Wata biyu, ko tsinke bai samu ba. Mutum duk ya rame, ga damina ta kawo kai. Ya gaya mini in ruwa ya sauka bai ga komai ba, waɗanda suka turo shi za su kira shi gida, aikin shekarunsa ya tashi a banza.

Da na ba Baba labari, sai ya ɓata rai. "Baƙo ya zo garinmu ya koma hannu Rabbana? Abin kunya ne wanga. Ɗauko gatarin aradun da ke rumbu ka ba shi."

Wani baƙin dutse ne mai sulɓi da kaifin baki. Mu cewa muke tsawa ke jefo shi, muna ajiye shi a rumbu don kada aradu ta faɗa wa hatsi. Ni da shegen wayona, na ga miƙa wa babban mutum abin da yake nema hannu da hannu tamkar sadaka ce. Da sassafe na shiga ramin, na tura dutsen can ƙasa, na daddaɓe.

Da hantsi Baturen ya tono shi. Ya auna da igiya, ya ɗauki hoto, ya cika takardu. Sai ya dafa ni da gurguwar Hausarsa: "Malam, ba dutsen ba ne, zurfin ne." Wai zurfin ke faɗin tsufan abu, kuma wannan zurfi ya nuna an wasa dutse a nan tun kafin lokacin da kowa ke zato. Ranar kasuwar Yankara zai ba motar kaya wasiƙa, duniya ta sani.

Kwana uku ina juya maganar a raina. In na yi shiru, ya sa sunansa a kan ƙarya, kuma ni na ƙulla ta. In na faɗa, na kashe masa aiki da bakina.

Ranar kasuwar na tarar yana liƙe ambulan. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, daga rumbunmu ya fito. Baba ya ce in ba ka kyauta, ni kuma na binne shi."

Na so ya zage ni, ko ya mare ni. Ina! Ya dubi ramin, sannan ya yaga wasiƙar a hankali. Ya miƙo mini dutsen da hannu biyu. "Ka gaida Baba. Na gode da kyauta."

Ranar Juma'a ruwa ya sauka, ya cika ramin da laka. Ya naɗe tantinsa ya tafi hannu Rabbana, bai ƙara dawowa ba.

Gatarin yana nan cikin rumbu har yau. In na hau ɗiban dawa, kau da kai nake yi.