Hannun da Ya Aurar da Amaryata

Shekara ashirin da uku na yi a gindin katangar ofishin rajistar aure, da tebur mai ƙafa uku da rabi, da benci, da gwangwanin biro. Aikina cike wa mutane fom. Babu mai kirana da sunana na gaskiya, kowa Biro yake ce mini, har 'yata idan na ɓata mata rai.

Ba da niyyar zama a waje na zo ba. Aikin magatakarda na zo nema a ciki, aka ba mu jarrabawa, na faɗi. Na dawo da shekara ta zagayo, na sake faɗuwa, wannan karon ma da kyau. Ina fitowa wani dattijo ya tare ni ya ce in ara masa biro, da na ba shi sai ya tsaya yana jujjuya shi kamar an miƙa masa maciji. Na karɓi takardar na cike masa a kan gwiwata. Kafin in ɗago kai mutum huɗu sun yi layi. Tun ran nan ban sake neman shiga ciki ba.

Dokar ba wuya, mutane ne ke tsoronta. Ango da amarya su kawo katin shaida, da hoto bibbiyu, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru. Wanda ya taɓa aure ya kawo takardar da ke nuna auren ya ƙare, ko da rabuwa ko da mutuwa. A samo shaidu biyu. Sai a liƙa sanarwa a allo kwana ashirin da ɗaya, ko wani yana da ja. Idan babu, mai rajista ya kira ku ku sa hannu, shi ke nan.

Shaidun nan su ne rabin aikina. Mutane sukan zo da komai su manta da shaidu, ko kawun da ya yi alkawari ya maƙale a hanya. Sai ni in zama shaida na ɗaya, maƙwabcina mai ɗaukar hoto ya zama na biyu. Shi Kar-ka-motsa ake kiransa, don abin da yake faɗa wa kowa ke nan kafin ya danna. Dogo ne, tuzuru, ba ya karanta komai sai lambar mota. Inda na ɗora yatsa nan yake sa hannu. Ni da shi mun shaida auren da ya fi gashin kanmu yawa, ko da yake nawa gashin ba abin a yi misali da shi ba ne.

Ina da tsarina. Katin ango a hagu, na amarya a dama, hannuna ya kwafe, sunana ya faɗa gurbin shaida shi kaɗai. Ina iya cike fom ina gardamar ƙwallo, ina cin gyaɗa, ina yi wa mai wucewa tsiya. Har alfahari nake yi da cewa shekara goma rabona da in karanta abin da na rubuta. Matar da ke karɓar takardu a taga, wadda muke kira Anti, idan ta ga rubutuna ba ta dubawa, hatimi kawai take bugawa.

Uwar 'yata ta rasu shekara tara da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Na ce na gama da aure, na wasu ya ishe ni kallo. Sai hawan jini ya kai ni asibiti, na faɗa hannun wata nas, bazawara, mai fuska kamar za ta ci ka tara. Ta ɗaura mini abin awo a damtse, na ce, "Sista, a hankali, hannun nan shi ke aurar da garin nan." Ta ce, "To bakin fa, me yake yi ban da surutu?" Na koma awo sau goma sha ɗaya a wata biyu. A na ƙarshe ta ce, "Malam, jininka lafiya lau. Idan magana ce da kai, faɗi, akwai layi."

Muna cikin shirin aurenmu a tsanake sai takarda ta fito: an yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti, tafiyar yini guda a mota. Hanya ɗaya ce ta tsira. Ma'aikaciyar da ta kai takardar shaidar aure kafin ƙarshen wata, ana barinta a garin da mijinta yake. Saura kwana ashirin da huɗu. Ga tsohuwarta da take jinya a gida, ga likitan tsohuwar a nan.

Na daki ƙirji. "Sista, kin zo gidan abin. Kwana ashirin da ɗaya, har da rarar uku. Wannan ai da ido a rufe zan yi shi."

Washegari da safe ta biyo da kayan aiki a jikinta, tana sauri. Ta ajiye katinta, ta sa hannu a fom ɗin tun ba a rubuta komai ba, ta ce, "Na bar maka amana." Kar-ka-motsa ya zo ya jefa nasa katin a kan tebur, tunda shi ne shaida. Ya faɗi a hagu. Nawa yana aljihu, don wa zai kwafi sunan kansa daga kati? Daidai lokacin direban mai rajista ya tsaya yana cewa ƙungiyarmu ba ta iya ƙwallo ba. Na bar hannu da aikinsa, na juya na ba shi amsa. Na ɗora yatsa, Kar-ka-motsa ya sa hannu. Ni ma na sa nawa inda na saba. Direban ma muka jawo shi ya cike ɗaya gurbin shaidar. Anti ta buga hatimi tana yi mini barka.

Kwana ashirin da ɗaya sanarwar tana liƙe a allo, taku goma daga teburina. Kullum sai na wuce ta gabanta. Ban duba ba ko sau ɗaya. Wa ke karanta allon? Ni da kaina na sha gaya wa masu fargaba cewa ko akuya ba ta kallonsa.

Ranar sa hannu na sha sababbin kaya, 'yata ta fesa mini turare har ina tari. Muka shiga ofishin mai rajista: ni, da Sista, da yayanta, da 'yata, da Kar-ka-motsa rataye da kyamara. Shekara ashirin da uku, ranar na fara zama a kujerar ciki, mai laushi ce kuwa. Mai rajista ya gyara tabarau, ya karanta sunan amarya, ta amsa. Ya karanta sunan ango.

Na ji sunan kamar na san shi.

Ya sake karantawa. Daga bayana Kar-ka-motsa ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe?"

Mai rajista ya ce, "Kai ne angon?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Wato, Sista, ba don ke ba..."

Mai rajista ya juyo da fom ɗin ya tura gabana. Rubutuna ne, mai kyau, ko gogewa babu. Ga sunan mai hoto a gurbin ango, da shekarunsa, da sana'arsa. Ga ni can ƙasa, shaida na ɗaya, na sa hannu har da ƙawa.

'Yata ta ce, "Baba, me ka yi?"

Yayan Sista ya karɓi takardar ya duba, ya dube ni, ya ce, "To ai mu ba mu ƙi ba. Wannan ya fi tsawo ma."

Na fara roƙo. Na ce ranka ya daɗe, ga hotona a jikin fayil, kowa a ginin nan ya san ni ne, layi ɗaya za a ja a gyara. Ya ce, "Biro, kai ka fi ni sanin dokar nan. Sunan da aka liƙa shi aka ba jama'a damar yin ja a kansa. Naka ba a liƙa ba. Sabon fom, sabuwar sanarwa, kwana ashirin da ɗaya." Maganar da na sha faɗa wa mutane ke nan ina kaɗa biro, ban taɓa sanin haka take da ɗaci ba.

Sista ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta gyara jakarta, ta ce, "Kwana biyu suka rage mini. Abu ɗaya na ba ka, Malam. Ɗaya." Ta fita. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Mun gwada. Mai rajista ya rubuta wasiƙa cewa kuskure ne, na kai da ƙafata hedikwatar asibiti, na yi musu bayani har wata ta ƙware da ruwa don dariya. Suka ce takardar aure suka nema, ba labari ba. Ranar ɗaya ga wata motar kaya ta tsaya a ƙofar gidan Sista. Na je na taya ɗaukar katifa, ba wanda ya ce mini sannu. Tsohuwar ce kawai, da aka zaunar da ita a gaban mota da jakar magungunanta a cinya, ta leƙo ta ce, "Kai ne mai rubutun?" Na ce ni ne, Mama. Ta girgiza kai.

Sati biyu ina kira ba a ɗauka. A na uku ta ɗauka. Ta ce, "Akwai ofishin rajista a nan ma. Idan har yanzu kana so, ka zo. Amma ni ba zan yi auren waya ba, kuma shekara biyu zan yi a nan kafin su saurare ni. Ka zaɓa."

Na zauna ina kallon teburin nan yini guda. Da yamma na kira Kar-ka-motsa na ce ya riƙe bencin, masu jiran hoto su riƙa zama. Ya ce, "Ango ya gode." Na ce idan ya ƙara faɗa sai na fasa masa kyamara.

Yanzu wata bakwai ke nan muna ɗaki biyu a bayan ƙaramin asibitin, da takardar aurenmu a cikin akwati. Garin ba a cika yin aure a ofis ba, don haka ba ni da tebur. Na nemi a bar ni in riƙa cike wa marasa lafiya kati, Sista ta ce sai bayan ranta, kada in tura mai ciwon haƙori ɗakin haihuwa. Aikina shi ne tsohuwa. Ni ke ba ta magani safe da yamma, ni ke tura kekenta zuwa inuwa, duk wata ni ke raka ta a mota zuwa wurin likitanta mu dawo. Ba ta ji sosai, saboda haka duk labarin da na ba ta sai ta ce, "Ƙarya kake," tun ban kai ƙarshe ba. Yawanci kuma ta yi daidai.