Jirgin ya tsaya Dubai, ban hau ba

"Hajiya, an cire sunanki," in ji ma'aikacin ƙofar jirgin, wani Bahaushen Gana.

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa ne, 'yata Rabi na ciki. Tare za mu hau, amma jiya ya tashi daga Abu Dhabi ina wurin wankan gawar maƙwabciyata. Ban sanar da masu jirgin ba, tunda yau zai tsaya Dubai.

Na ce, "Ɗana, a gida in mota ta wuce ka, ai gaba kake tare ta."

"Mama, wannan ba motar Zariya ba ce. Sai an nemi izini tukuna. Bari in gwada."

Ya dawo ya ce shi ke nan, ba su yarda ba.

Rabi ta ɗago min hannu daga sama, na komo gida. Don Allah, ku kun san da wannan doka?