Abin Da Aka Faɗa a Wajen Motar Shara

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki tsohuwar kasuwar yadi ta Dadaocheng a birnin Taipei ya san A-Kim, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar gajeruwar matar nan mai tabarau a ƙarshen hanci, allura a baki, wadda sai ta gama yi maka faɗa a kan yadin da ka zaɓa sannan ta karɓi aikinka. A kan keken ɗinki ɗaya ta yi ƙuruciya, a kansa ta yi furfura. Mijinta Tek-hok yana sayar da busasshen kifi da jatan lande a titin Dihua, mutum ne mai sanyin hali wanda ko ciniki ba ya iya ɗaga murya. Gidansu ɗan tsukut ne, ciki biyu da falo, a hawa na biyar na wani bene da ya girmi aurensu.

A cikin falon nan Tek-hok ya rasu, shekaru kaɗan da suka wuce. Ya ci abincin rana, ya zauna a kujerarsa ta kaba yana sauraron wasan ƙwallo a rediyo, A-Kim ta kawo masa shayi ta ɗauka barci yake. Irin mutuwar da kowane tsoho a unguwar yake fata ce, cikinsa a ƙoshe, matarsa a kusa. A-Kim ta yi kuka har ta gaji, amma tana alfahari da wannan mutuwar, kuma ba ta ɓoye alfaharin.

Wadda ta fara shigowa ranar ita ce A-Suat, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa. Tare suka tare a benen suna amare, tare suka goyi 'ya'ya. Mijin A-Suat ya riga mu gidan gaskiya tun tuni, ɗanta tilo yana can ƙetaren teku, sai ya tuna yake bugo waya. Bango ɗaya ne ya raba kicin ɗinsu, kuma tun da suka zama su kaɗai suka ɗauki wata al'ada: da safe A-Suat ta buga bangon da ludayi, A-Kim ta amsa. Ma'anarsa dai an wayi gari, kowa na da rai.

Gwiwa ce ta kori A-Kim. Matakalar da a da take hawa da buhun shinkafa a kafaɗa, yanzu sai ta huta a kowane hawa tana zagin wanda ya gina ta. 'Yarta Pei-lun, da ke aure a Taichung a gida mai lif, inda ba sai an taka matakala ba, ta zo bikin sabuwar shekara ta ga yadda uwar ke jan ƙafa, ta ce ba za ta koma ba sai an yi magana. Aka yi magana. Za a sayar da gidan, A-Kim ta koma kusa da jikokinta. Ta faɗa wa A-Suat a daren bikin, A-Suat ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da ɓare lemonta.

Da bazara dillali ya zo, wani mai suna Fang, mai ƙiba da gumi, wanda ya iso hawa na biyar yana haki kamar an biyo shi. Amma da ya huce ya san aikinsa. Ya shafa bango yana neman danshi, ya buɗe famfo, ya leƙa ta taga ya tabbatar babu wani lungu da ya miƙe ya soki ƙofar benen, abin da masu saye ke camfawa. Ya durƙusa yana kallon ƙananan tayil ɗin ƙasa, kore da fari, ya taɓa ƙarafan taga masu zanen furanni.

"Goggo, wannan ai ko da kuɗinka ba ka samunsa yanzu. Yaran nan da ke buɗe shagunan shayi a ƙasa, a kan irin wannan suke haukacewa. Ga tashar jirgin ƙasa kusa, ga kasuwa, ga haikali, ga asibiti."

"Tsufa ne ya zama abin sayarwa? Da na sani ai da kaina na sa a kasuwa."

"Ke kam ba mai iya sayenki, Goggo."

"Bar zaƙin baki, faɗi farashi."

"Sai na zubar da shara tukuna."

Ya ɗaga wata shuɗiyar leda da ya taho da ita tun daga ofis. A-Kim ta yi dariya, don ta gane. A Taipei shara ba ta kwana a bakin titi. Da almuru motar ke shigowa da kiɗanta, kowa ya sauko da ledarsa ya tsaya jira. A wannan tsayuwar ake sanin wa ya yi saki, wa ɗansa ya faɗi jarrabawa, wane rufi ke yoyo. Fang ba ya yanke wa gida farashi sai ya tsaya cikin masu jiran nan kamar ɗan unguwa, ya ji abin da bango ba ya faɗa. A-Kim ko a jikinta. Me za a ce a kanta? Mai faɗa ce, to, wannan ba ya rage darajar tayil.

Washegari Fang ya dawo, bai karɓi shayi ba, bai kuma zauna ba. Yana ta satar kallon silin.

"Goggo, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa maka me?"

"Zancen Kawu. Yadda ya... yadda abin ya faru." Ya sake kallon silin. "Sun ce a falon nan ya rataye kansa."

A-Kim ta dafa tebur. Ta ce, "Wa? Tek-hok? Mutumin da ko kifi mai rai ba ya iya kashewa?"

"Ba mutum ɗaya na ji daga bakinsa ba, Goggo. Duk layin ne. Wasu sun ce ciwo ne ya ishe shi, wasu sun ce kasuwa ce ta karye."

Ba sai ya yi mata bayanin sauran ba. Tsoho ya mutu a kujerarsa, albarka ce ga gida. Amma gidan da aka yi mummunar mutuwa a cikinsa, wannan tabon ba ya fita da fenti. Mai saye zai gudu, banki zai noƙe, wanda ya tsaya kuma zai taya shi kamar ragowar yadi. A-Kim ta jawo takardar likita ta rasuwar Tek-hok daga aljihun tebur. Fang ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce ya yarda da ita ɗari bisa ɗari.

"Amma Goggo, mai saye ma ledarsa zai ɗauko ya zo ya tsaya."

Bayan ya fita ta zauna, abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Gwabar da matar Kang mai shagon karin kumallo ta riƙa tura mata kyauta tun bayan biki. Yadda hira ke mutuwa idan ta iso wajen motar. Yadda mai gyaran babur, wanda bai taɓa gaishe ta ba, ya fara karɓar mata leda. Ita kuwa sakarya ta ɗauka kewarta suka fara yi tun kafin ta tafi, har tana jin daɗi. Ashe tausayin matar wanda ya rataye kansa ake yi mata, wata da watanni, ita kaɗai ce ba ta sani ba.

Da almuru ta sauka, ko leda ba ta ɗauka ba. Ta tsaya gaban matar Kang.

"Ke, wa ya ce miki mijina ya kashe kansa?"

Matar Kang ta kusa yar da ledarta. "Wayyo, Yaya, ni ban ce ba, ji na yi! Mai wanki ce ta faɗa mini."

Mai wanki ta ce mai gyaran babur ne. Mai gyaran babur ya sosa ƙeya, ya ƙi kallonta, ya ce shi fa ba ya shiga zancen mata, amma wadda ta fara shiga ɗakin ranar ai ita ta fi kowa sanin abin da ta gani. Duk suka juya. A-Suat na tsaye can gefe da 'yar ledarta.

Ko a mafarki A-Kim ba ta kawo wannan ba. Matar da ta rufe wa Tek-hok ido da hannunta, wadda suka zauna tare suna naɗe furannin takarda na jana'izarsa har yatsunsu suka kumbura.

"Suat. Ke?"

"Ban ce rataya ba, na rantse ban ce ba!" in ji A-Suat. "Cewa kawai na yi duk wanda zai sayi gidan nan ya fara tambayar yadda mai shi ya tafi. Sai na yi shiru. Na ɗaga kai sama. Shi ke nan, Kim, sauran su suka ƙara."

"Kika ji suna ƙarawa kika yi gum?"

"Na ɗauka in ba a saya ba za ki zauna."

"Sai ki rataye mini miji?"

A-Suat ta fashe da kuka a tsakiyar titi, tsohuwa guda, majina da hawaye. "Hawa na huɗu baƙi ne masu kwana biyu su tafi. Na uku a rufe yake. In kin tafi, wa zai amsa mini bango? Sai wari ya fito sannan a fasa ƙofa a same ni!"

Motar ta shigo lungun da kiɗanta, ba wanda ya motsa. A-Kim ta kama hannun A-Suat, ba da taushi ba, ta jawo ta tsakiya.

"Faɗa musu. Da ƙarfi."

A-Suat ta faɗa. Ta ce Tek-hok a kujerarsa ya cika, rediyo na magana, shayinsa da ɗumi, ita ta gani da idonta, ƙarya ta shuka. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. "Haka ne, haka ne, mun gane," in ji matar Kang, ta shafa kafaɗar A-Kim a hankali, ta kuma yi wa mai wanki wani kallo. A-Kim ta ga kallon. Ba su yarda ba. A ganinsu aminiya ce ta ɗauki laifi don ta rufa wa aminiyarta asiri, har ma abin ya burge su. Suka jefa ledojinsu, kowa ya kama hanyar gidansa.

Su biyun suka hau matakala, A-Kim a gaba, A-Suat a baya, suna hutawa a kowane hawa. A-Kim ta kira Taichung ta ce wa Pei-lun maganar sayarwa ta tsaya tukuna. Dalilin kuwa ta kasa faɗa wa 'ya abin da ake cewa a kan ubanta, sai ta ce gwiwar ta yi sauƙi.

Da safe ta kunna turaren tsinke gaban hoton Tek-hok, ta daɗe tana ba shi haƙuri. Tana tsaye a nan ludayi ya bugi bango, kamar kullum. Ba ta motsa ba. Aka sake bugawa, da ƙarfi. Sai ta ji ƙarar silifa, ta ji an buɗe ƙofa, sannan aka hau dukan ƙofarta ta ƙarfe da tafin hannu biyu.

"Kim! Kim! Ki yi magana, don girman iyayenki! Kim!"

Tsoro ne tsantsa a muryar, irin wanda ba a iya ƙirƙira. A-Kim ta ja ƙafa har bakin ƙofa, ta tsaya, hannunta a kan sakata. Ba ta zare ba.

"Ina da rai," ta ce. "Koma ɗakinki."