Surukina da Na'urar Awon Jini

Shekarar da yana ta rufe mini idon hagu, likitocin ido suka ce ba za su yi mini aiki ba sai jinina ya sauka. Lokacin karatun Alƙur'ani ma ya fara gagarata, allura kuwa sai an zura mini zare.

Mijin 'yata ta fari likita ne, a Mando suke zaune. Shi ya ɗora wa kansa biyowa ta Badarawa kullum da safe ya auna ni kafin ya wuce aiki. Yaron kirki ne, amma fa suruki ne. Ni da ko sunan matarsa ba na iya kamawa, sai ga ni ina janye mayafi ina miƙa masa damtse. Ya durƙusa yana kallon ƙasa, ni ina kallon bango, zuciyata na dukan uku-uku. Na'ura ta matse ni ta saki, ya duba, ya ce sai an ƙara haƙuri. Haka muka yi ta yi, ana ta ɗaga ranar aiki.

Wata da muka yi aiki tare a ma'aikata kafin mu yi ritaya ta kawo mini wani gari a 'yan ƙananan leda, wai keton sunansa. Ta rantse yana saukar da jini, yana kwantar da hankali, ko ɓarawo ka gani ba za ka razana ba. Matar nan ko ruwan famfo ta tallata sai ka saya. Na riƙa dama shi ina sha kafin yaron ya iso, ina yamutsa fuska don bauri. Jini bai motsa ba, sai cikina da ya ɗauki ƙugi, a gaban suruki kuma. Ran nan na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya jima yana juya na'urar a hannu kafin ya ce, "Mama, ko akwai abin da ake sha ban da magani?"

Na tura masa ledar da ƙafa. Ya karanta a tsanake.

"Ana dai bincike a kansa, Mama, ba a gama sani ba. A dakata da shi tukuna. Kuma ni ban yarda zai hana jiki halinsa ba. In gaban mutum ya faɗi, jijiyoyi tsukewa suke yi, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau."

Ya ɗago ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba, ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

Washegari matarsa ce ta zo da na'urar. Ta auna ni muna hirar tsadar tumatir, sai ga jini lafiya lau. Kwanaki ta yi tana aunawa, bai canza ba. Da ta kira shi a waya ta buɗe lasifikar wayar, na ji ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe ni ne."

Dariya ya yi, amma ni na san ba ta kai ciki ba. Kunya ta rufe ni, wadda ta fi ta farko ciwo. Mutum ya yi ta sammako dominka, jikinka ya nuna masa tsoronsa yake ji.

An yi aikin, ido ya buɗe. Da ya zo duba ni, a bayan labule ya tsaya ya gaishe ni, ƙafafunsa kawai nake hangowa. Na so in ce ya shigo ya zauna, har na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "An gode, a gaida gida."