Kujerar Gaba da Aka Ba Yayana

Yayana, wanda nake bi, agana ce ta tafi da idanunsa tun bai isa kaciya ba. Duk da haka, a ƙauyenmu na ƙasar Makoɗa babu wanda ya kai shi son wasan kwaikwayo.

A shekarun fari, sa'ad da gyaɗa ta lalace a gonaki, rumbuna suka koma fanko, samarin gari kan shirya wasa ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Babu dakali, babu labule. Fili ne kurum, jama'a sun kewaye shi. Mu kuwa ba mu san a kalli wasa da baki a rufe ba. Idan mai wasa ya fito yana taƙama, sai ka ji wani ya ɗaga murya: "Kai, ku dubi rawanin tsumma, har ya rufe masa hanci!" Wata tsohuwa ta karɓe: "Ga shi can ya laɓe bayan turmi, ɓarawon banza!" Da waɗannan bakuna Yaya yake gani. Yakan zauna a tsakiyar masu surutu, sandarsa bisa cinya.

"Wa ya faɗi?" in ji shi.

"Alƙali ne, Malam, wandonsa ya ci amanarsa."

"Madalla! Dama tun ɗazu na ji takunsa ba na gaskiya ba ne."

Mutane da yawa kan zo wurin ba su sa kome a ciki ba tun kunun safe. Shi ma haka. Amma a wannan ɗan lokaci babu mai tuna rumbu.

Ana nan sai wata ƙungiya ta 'yan boko ta zo daga birni da babbar mota, suka ce za su kawo wasa ga kowa, har makafi da guragu. Ban musa cewa nufinsu alheri ne ba. Shugabansu ya zo zaurenmu da kansa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, mun ji labarinka. Kujerar gaba taka ce, kusa da dagaci."

Yaya ya sa aka fito masa da babbar rigarsa daga adaka. Na riƙe masa sanda har filin makarantar firamare, inda suka kafa dakalin katako da lasifika. Aka zaunar da shi cikin manya, ni aka ce in koma baya, kujerar ta mutum ɗaya ce. Sa'an nan aka yi shela cewa wasan zamani ba a magana a cikinsa, aka baza samari da tsumagiya suna zagayawa.

Wasan kuwa kusan duk motsi ne. Wani mai ɓoye hatsi ne yake cusa damin gero a cikin riga har ya kasa tafiya. Jama'a su fashe da dariya, su yi tsit, su sake fashewa, ba mai cewa uffan. Daga inda nake ina hangen ƙeyar Yaya yana juya kai dama da hagu. Na ga ya sunkuya wajen dagaci. Kafin dagaci ya buɗe baki, wani saurayi ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Baba, a yi shiru, ana wasa."

Na ratsa mutane na tsuguna a gefensa, na fara raɗa masa abin da ake yi. Saurayin ya dawo.

"Malam, kana hana jama'a ji."

"Shi ba jama'a ba ne?"

"Ai shi ya sa muka ba shi gaba."

Aka mayar da ni baya. Da aka gama, suka tsayar da Yaya, suka faɗa a lasifika cewa yau har makaho ya more wasa. Aka tafa, aka ɗauki hotonsa, motarsu ta kama hanyar Bici.

Da abin ya tsaya nan, da na haƙura. Sai samarinmu, 'ya'yan da aka haifa a gabanmu, suka ɗauki shirun nan a matsayin wayewa. Juma'ar da ta biyo baya, a gindin tsamiya ma aka naɗa masu tsawatarwa. Tsofaffin mata suka kama bakinsu don kunya. Aka yi dariya, Yaya ya tambayi na kusa da shi abin da ya faru, sai wani ɗan unguwarmu ya ce, "Haba Baba, ai an daina wannan ƙauyancin."

Yaya ya lalubo sandarsa ya miƙo mini. "Kai ni gida," ya ce.

Ruwa ya dawo, gero ya yi kyau, wasa ya ci gaba shekara da shekaru. Shi bai ƙara takawa wurin ba. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan zauna a zaure yana tufkar igiyar rama, idan dariya ta taso daga bakin kasuwa sai ya ce a rufe ƙyaure.

Ranar da ya rasu, ɗan unguwarmun nan, wanda a lokacin furfura ta fara fito masa, ya zo ta'aziyya. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum mai son wasa. Ban san abin da ya hana shi zuwa daga baya ba."

Na ce amin. Na juya ga na bayansa.