Farin Yaya, Idon Matarsa

Yayana, wanda duk layinmu ke kira Mai Fitila, da gyaran rediyo ya fara. Daga nan ya koma fitilun zauren taro, sannan ya haɗu da leza, hasken nan siriri mai ƙarfi, shi ke nan muka rasa kansa. Ko abinci kika kai masa, sai ya tsare ki da bayani har ya huce.

Ni kam na haddace. Ƙwayoyin leza ne ƙanana kamar maɓallin riga, kowace da launinta: ja, kore, shuɗi. Hasken kowace a baje yake fitowa, sai Yaya ya sa gilashi mai lanƙwasa ya tattaro shi ya zama siriri. Sannan ya jera 'yan madubai, yana murɗa noti kaɗan-kaɗan, har hasken duka ya hau hanya ɗaya. In sun haɗu daidai, sai ka ga fari tas.

To, a nan matsalar take. Yaya bai iya bambance ja da kore ba tun yana yaro, kuma ban da mu 'yan gida babu wanda ya sani. Na'urar awonsa ƙarfi kawai take faɗa masa, ba ta san kyau ba. Matarsa ce idonsa. Tela ce, mai ganin fari kala goma a inda ni nake ganin ɗaya. Takan tsaya a bakin ƙofar shago ta dubi hasken a bango ta ce, "Malam, rage ja." Ya rage, ta koma kan kekenta.

Ranar da ya gama babbar na'urarsa ta farko, murna ta ɗebe shi. Ya rasa farin abin haskawa, ya yayumo wani farin yadi daga ɗakin ɗinkinta ya rataye. Ya manta ƙwayoyin nan in sun taru a wuri guda zafi gare su. Sai ƙauri! Huji ya fito a tsakiyar yadin, yadin kuma na marigayiya mahaifiyarta ne, wanda ta kasa sa wa almakashi.

Ba ta yi faɗa ba. Ninke shi ta yi ta shige ɗaki, ta daina yi masa magana. Ni ma na ji haushinsa, na kuma gaya masa.

Ga shi wani mai zauren taro ya ce a kawo na'urar a gwada. In farin ya fito da datti, wani zai ba aikin. Yaya ya ja ni na duba masa.

"Auta, ya kika gani?"

"Fari ne, Yaya."

"Wane irin fari?"

"Fari dai! Fari nawa ne a duniya?"

Ya dafe kai.

Ran gwaji da hantsi aka saki labulen zauren, aka watsa ɗan hayaƙi don a ga hasken sosai. Yaya ya kunna. Wayyo! Haske ya tsaga ɗakin, ya buɗe kamar mafici, ya yi zobe, ya tarwatse ya sake haɗewa. Masu shara suka yar da tsintsiya suna ihu, ni ma har da tsalle da girmana. Amma mai zauren ya karkata kai yana kallon farin. Yaya na zufa, hannunsa a kan maɓalli, bai san inda zai murɗa ba.

Sai ƙofa ta buɗe. Matar Yaya ce, da yadin a hannu. Ta wuce mu ta rataye shi gefen bangon. Ashe ta yi wa hujin ado da farin zare, zagaye, kamar da gangan aka yi shi.

"Ga fari nan," ta ce da ni, ba da shi ba. "Ki ce masa ya sassauta ƙarfin, kar ya ƙara min wani hujin."

Yaya ya sassauta. Ta dubi hasken, ta dubi yadin, ta ja tsaki.

"Malam, rage ja. Ƙara kore kaɗan. Tsaya nan!"

Farin ya fito fes, har mai zauren ya tafa. Yaya bai ko dubi bangon ba. Ita yake kallo, ƙwalla cike da idonsa.

"Maman yara," ya ce, "sake faɗa, ban ji ba."

Ƙarya yake, ya ji sarai.