Kitsen da ya hana a sa wa Uncle Chong roba

Akwai wata Litinin da har yau ba ta fita raina ba, a shekarata ta farko a wani gidan kula da tsofaffi da ke unguwar Setapak, a ƙasar 'yan Malay. Maigidana yana digirinsa na uku a can, ni kuma na samu aikin mataimakiyar jami'ar abinci. Ga wanda bai san aikin ba, likita ne ke faɗin ciwo, mu kuma mu tsara abin da tsoho zai ci, mu riƙa auna nauyinsa duk mako. Shugabata Puan Rosnah ce, 'yar Malay, mai dogon hijabi da gajeren haƙuri. Tsoronta nake kamar me.

Muna da wani tsoho ɗan asalin Sin, Uncle Chong. Hawan jini ya sa aka yanke masa gishiri da maiƙo, shi kuma ya yanke cin abinci gaba ɗaya. Ya rame har agogo na zamewa daga hannunsa. Ranar nan likita ya ce in bai ci ba zuwa Juma'a, za a zura masa robar abinci ta hanci. Tsohon ya juya ga bango yana hawaye.

Ni dai “Uncle, makan lah” na iya, wato ya daure ya ci. Puan Rosnah kuwa kujera ta ja ta zauna, ta ce, “Uncle, me marigayiya matarka take dafa maka?”

Sai ga bakin da ya ƙi buɗuwa ya buɗe. Kitsen alade ne, in ji shi. A shafe shi da gishiri da ruwan waken soya, a rataye ya bushe, a yanka siriri a ɗora kan shinkafa tana turara, ya narke ya ratsa ta.

Muna shiga ofis ta ce, “Sister Hadiza, lissafa min abin da zai iya ɗauka.”

Na ce, “Puan, alade fa!”

Ta ce, “Ba ke za ki ci ba, ko cokalinsa ba za ki taɓa ba. Mutumin nan ba musulmi ba ne, kuma yau yunwa ta fi gishiri kusa da kashe shi.”

Abin da ya ɗaure min kai, ta san kitsen nan ciki da waje, ita da ba ta taɓa ɗanɗana shi ba. Ɗan yanki kaɗan yana ba da ƙarfi sosai, amma cike yake da gishiri da maiƙo mai toshe jijiya. Don haka muka zare gishiri daga sauran abincinsa na yini. Ta tsare likita da hujja har ya gaji ya ce, “Boleh,” wato ya yarda a gwada. Kicin ɗinmu na halal ne, ko kusa da ƙofarsa ba ta bari abin ya zo ba. 'Yar tsohon ce za ta dafo a gidanta a Wangsa Maju, ta zo da kwanonta da cokalinta, ta ba shi a baranda, ta koma da kayanta.

Ranar Laraba na leƙa daga bakin ƙofa. Ya sunsuna, ya rufe ido, ya kai loma. Sai da ya ci rabin kwano, 'yarsa na kuka tana ƙara masa. Puan Rosnah ta duba agogo ta wuce sallar azahar abinta. Ranar Juma'a likita ya zo da robarsa, ya koma da ita a leda.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, abin da na koya ke nan: tsarin abincin da tsoho ya ƙi ci, komai kyansa, bai ciyar da kowa ba. Kuma za ki iya riƙe addininki gam, ki ceci wanda ba addininku ɗaya ba. Ni dai addu'ata, ranar da tsufa ya kwantar da ni, Allah ya haɗa ni da mai tambayata me Innata take dafa min, ko da ita ba ta iya jure warin daddawa.